Ƙarambau Ya Warke, Ƙwayarsa Tana Nan: Darasi a Kan Cutar Zona da Garkuwar Jiki

Akwai wani ciwo da yawancin mutanen Zongo suka taɓa gani, ko a jikin wani dattijo na cikin gida, ko a jikin maƙwabcin rumfa a Dantokpa ko Misebo. Yakan fara da raɗaɗi a gefe guda na jiki, galibi a haƙarƙari ko a kwiɓi, raɗaɗi mai kama da ƙuna ko sukar allura, alhali ido bai ga kome a fata ba. Mai ciwon ya ɗauka gajiyar ɗaukar kaya ce, ya sa a yi masa tausa, ya haɗiyi maganin ciwon jiki. Bayan kwana biyu ko uku sai wurin ya yi ja, ƙuraje masu ruwa su fito a cure, su jeru tun daga tsakiyar baya su zagayo zuwa ƙirji ko cibiya, kamar an ɗaura masa rabin ɗamara. Likitocin Kwatano suna ce da wannan ciwo zona. A asibitocin Najeriya kuwa za a ji an ce shingils ko zosta. Zona da zosta duka daga harshen Girka suka samo asali, ma'anarsu kuwa ɗamara.

Idan ya fito, zance yakan yi yawa a kansa. Wani ya ce jifa ne. Wata ta ce gizo-gizo ne ya yi masa fitsari da dare. Kusan kowa kuma ya taɓa jin cewa ranar da bakin ɗamarar biyu suka haɗu, to sai dai a shirya likkafani. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da yake gaskiya. Amma kuma ciwon ba abin rainawa ba ne, domin yana iya cinye ido, yana iya barin raɗaɗin da zai hana mutum barci wata da watanni, wani lokaci kuma shi ne alamar farko ta wata cuta da take ɓoye a jiki. Wannan takarda za ta bayyana inda zona take fitowa, dalilin da ya sa take tashi a jikin wani ta ƙyale wani, da abin da ya wajaba a yi a cikin kwana uku na farko.

Daga ƙarambau aka fara

Babu wanda yake yin zona sai wanda ƙwayar ƙarambau ta taɓa shiga jikinsa. Ƙwayar cuta ɗaya ce, wato bairos ɗaya, take haddasa cututtukan biyu. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 wani likitan yara a birnin Budafes na ƙasar Hangare, mai suna Janos Bokay, ya lura cewa yara kan yi ƙarambau bayan sun zauna kusa da babba mai zona. An daɗe ana jayayya a kan maganarsa, sai a shekarun 1950 Thomas Weller na ƙasar Amurka ya raino ƙwayar a ɗakin bincike daga ruwan ƙurajen cututtukan biyu, aka tabbatar abu guda ne.

Ƙarambau dai kowa ya san shi. Yana bin iska da numfashi, yana kuma bin ruwan ƙuraje. Daga ranar da ƙwayar ta shiga jiki zuwa ranar da ƙuraje za su fito akan yi kwana 10 zuwa 21. Yaro yakan fara yaɗa shi kwana ɗaya ko biyu kafin a ga ƙurji ko ɗaya a jikinsa, shi ya sa a gidan haya mai ɗakuna da yawa da tsakar gida guda, irin gidajenmu na Zongo, da wuya ya kama yaro ɗaya ya tsaya. A cikin mutum goma da ba su taɓa yinsa ba, waɗanda suke kwana gida ɗaya da mai shi, har tara suna iya kamuwa. Bayan mako guda ko fiye kaɗan ƙurajen su bushe, ɓawo ya zube, uwa ta yi hamdala ta ce an rabu.

Ba a rabu ba. A daidai lokacin da ƙurajen suke cike da ruwa, wani ɓangare na ƙwayoyin yakan shiga jijiyoyin da suke ɗaukar saƙon ji daga fata zuwa laka. A nan ya kamata a fayyace, domin da Hausa jijiya sunan abubuwa da yawa ne: ba jijiyar jini ake nufi ba, ana nufin siririn zaren da idan ƙaya ta soki mutum shi yake kai labari ga ƙwaƙwalwa. Waɗannan jijiyoyi suna fitowa daga laka biyu-biyu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, a kowace gaɓa ta ƙashin baya, kuma kowace tana da ɗan ƙulli a gindinta. A cikin wannan ƙulli ƙwayar take samun masauki. Tana shiga sai ta daina hayayyafa, ta naɗe kanta ta yi lamo. Ba ta sa zazzaɓi, ba ta sa ciwo, ba ta yaɗuwa zuwa ga wani. Haka za ta zauna shekara 30, ko 50, ko har ƙarshen rayuwar mai ita. Masana suna kiran wannan hali kwanciyar ƙwayar cuta, kuma har yau babu maganin da yake iya shiga wannan ƙulli ya fitar da ita.

Wanda ya fahimci wannan, ya fahimci asirin ɗamarar. Idan ƙwayar ta farka, a ƙulli ɗaya take farkawa, ta bi jijiyar wannan ƙulli ta gangaro zuwa fata. Tana tafe tana kumbura jijiyar, shi ya sa raɗaɗi yake riga ƙuraje zuwa. Kowace jijiya kuwa yankinta na fata daga tsakiyar baya ne zuwa tsakiyar gaba, a gefe guda. Saboda haka ƙurajen sukan tsaya cak a tsakiyar ƙirji kamar an ja musu layi. Ɗamarar ba ta haɗuwa ne don jijiyar ta ƙare a nan, ba don wani tsari da aka yi ko wani layi da aka zana da gawayi a gaban ƙurajen ba. A lokuta ƙalilan da ƙuraje suka fito a gefe biyu ko suka watsu ko'ina, wannan alama ce ta cewa garkuwar jiki ta yi rauni ƙwarai, kuma asibiti ake nufa a ranar.

Masu gadin da ba sa barci

To me yake hana ƙwayar farkawa duk waɗannan shekaru? Garkuwar jiki. Ita garkuwar jiki ba abu ɗaya ba ce. Akwai sinadaran kariya da suke yawo a cikin jini, waɗanda suke tare ƙwayar idan ta sake zuwa daga waje, shi ya sa da wuya mutum ya yi ƙarambau sau biyu. Akwai kuma wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, da ake yi wa laƙabi da harafin T, waɗanda aikinsu shi ne binciken abin da ya ɓuya a cikin jikin kansa. Su ne masu gadin wannan baƙo. Ƙwayar takan ɗan motsa lokaci zuwa lokaci, su kuwa su danne ta tun mai jikin bai ji kome ba. Duk ɗan kasuwa ya san cewa kwaɗo a ƙofar shago daban, mai gadin dare daban. Gwajin jini zai iya nuna sinadaran kariya suna nan daram, amma idan ƙwayoyin T suka ragu ko suka gaji, zona ta samu hanya.

Wani likitan karkara a garin Sairansesta na Ingila, Edgar Hope-Simpson, shi ya shimfiɗa wannan bayani a 1965, bayan ya shafe shekara 16 yana rubuta duk wanda ya zo masa da zona a cikin mutanen garinsu. Ba shi da manyan na'urori, littafin rajista ne da haƙuri. Ya ga cewa ciwon yana ƙaruwa da shekaru, ya ce lalle akwai wata kariya da take dushewa a hankali. Binciken da aka yi bayansa ya gaskata shi.

Tsufa shi ne babban dalili. Daga shekara 50 haɗarin yake fara hawa sosai. Ƙididdigar Amurka ta nuna kusan mutum ɗaya cikin uku zai yi zona a rayuwarsa, a cikin waɗanda suka kai shekara 85 kuwa kusan rabi. Saboda haka idan Baba ko Inna mai shekara 70 ta yi zona, ba abin mamaki ba ne, kuma ba abin zargin kowa ba ne.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Idan zona ta fito wa saurayi mai shekara 25, ko magidanci mai 40 da yake ji da ƙarfinsa, dole a tambaya: me ya raunana masu gadin? Na farko da likita zai so ya kawar da shakkarsa shi ne ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki, wadda ake kira sida ko ƙanjamau, domin ƙwayoyin T ɗin nan su ne ainihin abin da take kashewa. A wani bincike da aka buga a 1988 daga birnin Kinshasa, an tarar kusan tara cikin goma na masu zona da aka gwada suna ɗauke da ita. Wancan wuri ne da lokaci da cutar ta yi yawa. A Jamhuriyar Benin masu ɗauke da ita a cikin manya ba su wuce kusan mutum ɗaya cikin ɗari ba, don haka kada wanda ya ga ɗamara a jikin maƙwabcinsa ya yanke masa hukunci. Yawancin masu zona ba su da sida. Abin da ake cewa shi ne mai ciwon da kansa ya yi gwaji. Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako yana fitowa cikin mintoci, kuma sirri ne tsakaninsa da ma'aikacin lafiya. Zona takan zo da wuri, tun mutum yana da ƙibarsa da ƙarfinsa. Wanda ya gano a wannan mataki ya fara shan magani, wanda ake bayarwa kyauta a cibiyoyin da gwamnati ta keɓe a Benin da Najeriya, garkuwarsa takan farfaɗo ya ci gaba da kasuwancinsa da iyalinsa. Wanda ya ce ai ƙurajen sun bushe, ya share zancen, to sai bayan shekaru cutar ta dawo masa da tarin fuka ko abin da ya fi shi.

Akwai wasu dalilan. Ciwon suga yana ƙara haɗarin, kuma mutane da yawa suna yawo da shi ba su sani ba. Ciwon daji, musamman na jini, da magungunan da ake yi masa, su ma haka. Sai kuma wani dalili da muke sayen sa da kuɗinmu: magungunan da ake kira kotizon, irin su dekisametazon da firedinisolon. Likita yakan rubuta su don asma ko kumburi, da awo da ƙayyadadden lokaci. Amma an mayar da su maganin ƙiba, irin wanda ake kira sha-ka-fashe, ana kuma cusa su a haɗin maganin sanyin ƙashi da ake ƙullawa a leda. Aikin waɗannan magunguna shi ne kwantar da garkuwar jiki. Kumatun da suke cikowa ba lafiya ba ce. Haka nan da yawa daga cikin mayukan sauya launin fata suna ɗauke da dangin wannan magani mai ƙarfi, kuma idan aka shafe shekaru ana mulka su a duk jiki, suna ratsa fata su shiga jini. Wadda ta daɗe tana shan irin waɗannan ƙwayoyi kada ta yanke su dare ɗaya, don hakan ma haɗari ne. Ta gaya wa likita gaskiya ya rage mata a hankali.

Kwana uku na farko

Zona tana da magani. Sunansa asiklobir, akwai kuma ɗan'uwansa balasiklobir. An samo shi a shekarun 1970 a ɗakin binciken da wata masaniya Ba'amurkiya, Gertrude Elion, take jagoranta, wadda ta sami lambar yabo ta Nobel a 1988. Maganin ba ya kashe ƙwayar da take kwance. Abin da yake yi shi ne hana wadda ta farka hayayyafa. Daga nan za a gane dalilin gaggawa: yana da amfani ne a lokacin da ƙwayar take tsakiyar yaɗuwa, wato a cikin sa'o'i 72 daga fitowar ƙurji na farko. Wanda ya zo bayan kwana goma, ƙurajen sun yi ɓawo, ɓarnar da za a yi wa jijiya an riga an yi ta. Duk da haka, ko kwana uku sun wuce a je, musamman idan sababbin ƙuraje suna ci gaba da fitowa, ko ciwon a fuska yake, ko mai shi yana da raunin garkuwa.

A nan ne muke yin asara. Mu ɗauki misalin mai kai kaya arewa, wanda raɗaɗi ya fara masa ranar da ake lodi. Ya ce bari ya sauke kaya tukuna. Daga Kwatano zuwa Malanbil tafiyar fiye da kilomita 700 ce, ga jira a hanya, ga cinikin da ba a bari. Kafin ya dawo Zongo mako biyu sun shuɗe. Alhali da ya tsaya a Bohikon ko Faraku ko Kandi ya nuna wa ma'aikacin lafiya, da kallo ɗaya ya isa a gane ciwon, don zona ba ta cika bukatar gwaji ba. Haka ma mai bin hanyar Seme zuwa Ikko. Ba sai an dawo gida ake neman maganin zona ba. Inda ta fito, nan ake nemansa.

Asiklobir sau biyar ake shan sa a yini, har kwana bakwai, tare da ruwa mai yawa saboda ƙoda. Likita ne zai faɗi adadin, kuma yakan rage wa tsofaffi da masu ciwon ƙoda. Idan ciwon ya faɗo a watan azumi, a tuntuɓi malami a kan rangwamen da aka yi wa marar lafiya, kada a haɗa shan biyar a tsakanin buɗa-baki da sahur. A sayi maganin a kantin magani mai rajista. Mutanen wannan birni ba sa bukatar dogon bayani a kan jabun magani: a nan Kwatano aka yi kiran yaƙi da shi na ranar 12 ga Oktoba 2009, kuma da yawanmu muna tuna samamen da hukuma ta kai wa masu sayar da magani a sashen Ajegunle na Dantokpa a watan Fabrairu 2017. Jabun asiklobir ba kuɗi kaɗai yake ci ba, yana cinye waɗannan kwana uku da ba sa dawowa. Ampisilin da sauran ƙwayoyin kashe bakteriya ba su da tasiri a kan bairos, kuma buɗe kafso a barbaɗa garinsa a kan ƙuraje ba ya ƙara kome sai ƙazanta.

A gida, a riƙa wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙarfi, a bushe shi a hankali, a rufe da tsumma mai tsabta ko riga sakakkiya ta auduga. Kada a fasa ƙurajen. Kada a yi tsaga ko ƙaho a kansu. Kada a shafa toka, ko man goge baki, ko kananzir, ko man bilicin. Ƙurajen da aka bari sukan yi ɓawo cikin kwana 7 zuwa 10, su warke cikin mako biyu zuwa huɗu. Waɗanda aka tsaga kuwa su ne suke yin mugunya su bar tabo.

Wuri ɗaya ne ba a jira ko na yini: fuska. Idan ƙurajen suka fito a goshi, ko fatar ido, ko musamman a kan tsinin hanci, ido yana cikin haɗari, domin reshen jijiyar da yake zuwa tsinin hanci shi ne yake shiga ido. A nemi likitan ido a ranar, ko a babban asibitin koyarwa na Hubert Maga ko a wani asibitin da yake da sashen ido, kuma kada a ɗiga kowane irin magani a idon kafin a duba shi. Haka nan idan ƙuraje suka fito a cikin kunne tare da karkacewar baki, ko aka ga ruɗewa, ko sanƙarewar wuya, ko zazzaɓi mai zafi.

Sai raɗaɗin da yake saura. A cikin mutum goma da suka yi zona, ɗaya ko biyu za su ci gaba da jin zafi a wurin bayan wata uku, fata ta warke sumul amma ko riga ta taɓa sai mutum ya zabura. Tsofaffi ya fi kamawa. Iyali sukan gaji su ce tsoho ya cika raki, ko su koma ga zancen sammu tunda ido bai ga ciwo ba. Ciwon na gaske ne. Jijiyar ce ta ji rauni take aika saƙon zafi ba dalili. Farasitamol ba ya cika isarsa, amma akwai magungunan ciwon jijiya, irin su amitiriftilin da gabafentin, waɗanda likita yake farawa da kaɗan. Kada a bari tsoho ya faɗa hannun masu sayar da tiramol.

Sauran mutanen gida

Mai zona ba ya ba wani zona. Abin da yake iya bayarwa shi ne ƙarambau, ga wanda bai taɓa yi ba, ta hanyar ruwan ƙurajen. Idan an rufe wurin haɗarin kaɗan ne, idan ya yi ɓawo kuma ya wuce. Ba sai an ware masa kwano ko an ƙaurace masa ba. Mutum uku ne za a nisanta da ƙurajen: mai juna biyu da ba ta taɓa ƙarambau ba, jariri sabon haihuwa, da mai raunin garkuwa.

Wannan ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da Turai, saboda a ƙasashe masu zafi mutane da yawa sukan girma ba su yi ƙarambau ba, shi kuwa ya fi tsanani a jikin babba, har yakan sauka a huhu. Mai ciki da ta kamu tana cikin haɗarin ciwon huhu, kuma idan a makonni 20 na farko ne, a lokuta ƙalilan yakan taɓa halittar ɗan tayi. Mafi haɗari shi ne ƙuraje su fito wa uwa daga kwana biyar kafin haihuwa zuwa kwana biyu bayanta, don jaririn zai karɓi ƙwayar bai karɓi kariyar uwa ba. Mai cikin da ta zauna da mai ƙarambau ko zona, kuma ba ta da tabbacin ta taɓa yi, ta sanar da ungozomar asibiti ko asibitin uwa da yara na Lagun nan da nan. Ta faɗi abin da ya kawo ta tun daga ƙofa, kada ta zauna a layin awo cikin sauran masu ciki.

Yaro mai ƙarambau a yanke masa farce, a yi masa wanka kullum, a ba shi ruwa da farasitamol. Kada a ba shi asfirin, domin yana iya jawo wata cuta mai lalata hanta da ƙwaƙwalwa, kuma a guji ibufurofen. Ya zauna gida, ba boko ba allo, sai duk ƙurajen sun bushe. Idan numfashinsa ya yi sauri, ko yana tangaɗi, ko wani ƙurji ya kumbura ya yi ja da zafi, a kai shi asibiti. A kuma lura: tun da ƙyandar biri ta sake ɓulla a Najeriya a 2017, ba duk ƙurji mai ruwa ne ƙarambau ba. Na ƙarambau sukan fito rukuni-rukuni, wani sabo wani ya bushe, kuma sun fi yawa a ƙirji da baya. Na ƙyandar biri sun fi tauri da zurfi, sukan fito har a tafin hannu da na ƙafa, tare da kaluluwa. Idan an yi shakka, ma'aikacin lafiya ne zai raba gardama.

Akwai allurar rigakafin ƙarambau, wadda Michiaki Takahashi na Japan ya samar a 1974, da kuma ta zona don manya, wadda sabuwarta ta fito a 2017. Ba sa cikin jerin alluran da ake yi wa yara kyauta a Benin ko Najeriya.

'Yan gida ɗaya

Ƙwayar ƙarambau ɗaya ce daga cikin dangi takwas da suke kama ɗan Adam, waɗanda ake kira dangin hafis. Halinsu ɗaya: in sun shiga ba sa fita.

Wanda aka fi sani shi ne mai fito da ƙuraje a gefen leɓe bayan zazzaɓin cizon sauro, har a ce zazzaɓin ne ya fita. Ba zazzaɓin ne ya fita ba, ƙwayar da take kwance a jijiyar fuska ce ta samu masu gadi sun shagala da wani yaƙin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ita, wato kashi 64 cikin ɗari. Ga babba ba wani abu ba ne. Ga jaririn da bai yi wata guda ba kuwa tana iya zama ajali. Ranar suna, lokacin da jariri yake yawo daga hannu zuwa hannu, gwaggo ko kaka mai ƙurji a leɓe ta yi wa Allah ta haƙura da sumbatarsa, ta wanke hannu kafin ta ɗauke shi. Jaririn da ya yi zazzaɓi, ko ya ƙi mama, ko aka ga ƙurji mai ruwa a jikinsa, asibiti za a kai shi a daren.

Ɗan'uwansa yana fitowa a al'aura, yana bin saduwa, yana tafiya yana dawowa. Ana lissafin mutum miliyan 520 masu shekara 15 zuwa 49 suna da shi, yawancinsu ba su sani ba, don haka fitowarsa a jikin miji ko mata ba hujja ba ce ta cin amana na kwanan nan. Mai yiwuwa ya shekara goma a kwance. Yana ninka haɗarin kamuwa da sida kusan sau uku. Asiklobir yana rage shi, kuma mai ciki da take da shi lalle ta gaya wa ungozoma kafin naƙuda.

Biyu daga cikin dangin suna da hannu a ciwon daji, kuma labarin ɗayansu a Afirka aka fara shi. A 1958 wani likitan fiɗa a Kampala ta Yuganda, Denis Burkitt, ya bayyana wani kumburin muƙamuƙi mai saurin girma a jikin yara. Ya bi sawunsa ya tarar ya fi yawa a yankuna masu zafi da ruwan sama, inda sauro yake da yawa. A Ibadan, a 1963, aka raino ƙwayoyin wannan ƙari daga jikin wani yaro, kuma har yau ana bincike da zuriyarsu a duniya. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango bairos a cikin irin waɗannan ƙwayoyi a Landan, shi ne na farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. Fiye da mutum tara cikin goma na manya suna ɗauke da shi lafiya lau. Abin da yake ba shi dama a jikin yaro shi ne zazzaɓin cizon sauro mai maimaituwa, wanda yake gajiyar da garkuwa. Ashe gidan sauro, da allurar rigakafin zazzaɓin da Benin ta fara yi wa yara a watan Afrilu 2024, amfaninsu ya wuce abin da muke zato. Yaron da muƙamuƙinsa ko cikinsa yake kumbura cikin makonni, haƙoransa suna girgiɗi ba dalili, kada a tsaya cire haƙori ko shafe-shafe. Wannan ƙari yana saurin girma, amma yana cikin masu jin magani idan an kai da wuri.

Na biyun, wanda aka gano a 1994, shi ne yake haddasa sankarar Kaposi: tabo ko ƙulli masu duhu, baƙi-baƙi ko shuɗi-shuɗi, a ƙafa ko a dasashi da ganɗa, marasa ƙaiƙayi. Shi ma ba ya cika tashi sai garkuwa ta faɗi, kuma a wurin mai sida, fara maganin sidar yakan sa tabon ya ja da baya.

Wanda zai je asibiti da zona ya tafi da amsar tambaya huɗu, don su likita zai fara yi: ranar da raɗaɗi ya fara, ranar da ƙurji na farko ya fito, duk magungunan da yake sha ko shafawa har da na leda da na gargajiya, da kuma ko akwai mai ciki ko jariri a gidan. Idan shekarunsa ba su kai 50 ba, ko ciwon ya taɓa yi masa a baya, ya nemi a gwada masa sida da suga kafin ya fito, ko da ba a ambata masa ba.